Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima

Kafin Dafga gari ne na manoma a cikin ƙasar Ƙaraye, yamma da birnin Kano, a yankin nan da ya miƙa har Rogo, inda jihar Kano ta yi iyaka da Kaduna da Katsina. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992, noman rani da kamun kifi suka ƙara ƙarfi a gefen ruwan, ciniki ya buɗe, kayan kanti iri iri suka riƙa isowa kasuwannin ƙauye. Yau da wuya a shiga gidan manomi a rasa kwalbar maganin feshi a rataye, ko buhun taki a jingine.

To, akwai takardu uku waɗanda babu magidancin da zai kauce musu a wannan ƙasa, ko ya yi karatun boko, ko na allo kaɗai, ko kuwa bai yi ko ɗaya ba. Ta farko ita ce wadda ke manne a jikin kwalbar maganin feshi. Ta biyu takardar kuɗi. Ta uku takardar ƙuri'a, wadda ke zuwa bayan shekara huɗu huɗu. Lafiyar mutum tana rataye a ta farko, guminsa a ta biyu, zaɓinsa a ta uku. Kowacce daga cikinsu kuwa magana biyu take yi. Ɗaya tana yin ta da baƙaƙe, galibi cikin Turanci. Ɗayar tana yin ta da siffa, da launi, da girma, da wurin da aka ajiye kowane abu. Wannan ta biyun ita ke riga isa ga ido, tun baki bai haɗa harafi ko ɗaya ba.

Sana'ar shirya wannan magana ta ido ita ake kira tsara zane. Wanda ya ji sunan zai zaci baƙon ilmi ne da ya zo daga Turai tare da injin buga takardu. Alhali kuwa duk yaron da ya zauna gaban alaramma a tsangaya ya riga ya koyi ƙa'idodinta, sai dai ba a gaya masa sunansu ba. Abin da ya rage masa shi ne ya gane dokar da ya sani a shafin Alƙur'ani ita ce dai ke aiki a jikin kwalba.

SIFFA DA ƊIGO

Ƙa'ida ta farko ita ce siffa. Lokacin da yaro ke koyon babbaƙu, malaminsa ba ya ce masa ga harafi na kaza a jeri. Da kamanninsa yake kiran harafin. Akwai ɗa mai hannu, domin sandar nan da ke tsaye a kansa kamar wanda ya ɗaga hannu. Akwai ha kuri da ta kuri, domin sun dunƙule sun yi da'ira. Akwai lam jaye, wanda aka ja wutsiyarsa. Akwai ha mai ruwa, watau mai ɗigo, domin a bambanta shi da ɗan'uwansa wanda ba shi da kome a kai. Da waɗannan sunaye magabata suka koya wa idon yaro ya lura da tsaye da kwance, da lanƙwasa da miƙe, da abin da ke sama da abin da ke ƙasa.

A nan ne kuma yaro ke fara sanin ɗigo guda yana iya juya magana. A rubutun da ƙasar Hausa ta gada daga Magrib, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama. A rubutun Masar da Makka fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Ashe ke nan siffa guda, mai ɗigo ɗaya a ka, almajirin Kano zai karanta ta ƙaf, na Alƙahira ya karanta ta fa, kuma kowannensu daidai ya yi bisa ƙa'idar ƙasarsu. Wannan babban darasi ne: alama ba ta zuwa da ma'anarta daga ciki, mutane ne ke yarda su ɗora mata. Haka malaman Hausa suka yi da suka zo rubuta harshensu da ajami suka tarar Larabci ba shi da sautin tsa. Sai suka ɗauki ɗa mai hannu suka ɗora masa ɗigo uku, jama'a suka karɓa, ya zauna.

Tun da daɗewa masana suka ba siffa ma'auni. Ibn Muƙla, waziri a Bagadaza, wanda ya rasu a 940, shi aka sani da auna haruffa da ɗigon bakin alƙalami. Tsawon alif ɗigo kaza ne, sa'an nan a zana da'ira daidai tsawon alif ɗin, sauran haruffa su bi ta. Rubutun Kano bai bi ma'auninsa ba, yana da nasa: alƙalami mai kauri, baƙaƙe gajeru masu cika ido, waɗanda ake iya karantawa ko da hasken wutar kara.

Wannan doka ta siffa ita ce a bakin titi. Bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana a 1968, allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, da'ira mai jan baki hani ce, da'ira shuɗiya umurni. Direba yana gane irin maganar daga nesa, kafin ya ga abin da aka zana a ciki.

AIKIN LAUNI

Ƙa'ida ta biyu launi. Mai karatu ya ɗauko Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alarammomi ke rubutawa da ka, ya buɗe kowane shafi. Zai ga baƙaƙen da baƙar tawada aka yi su, wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe don kada ta goge, ba irin ta gawayi da ƙaro da ake wankewa daga allo ba. Zai ga wasulla da jar tawada. Zai ga hamza ɗigo ne babba ruwan ɗorawa, alamar wasali mai saduwa a kan alif kuwa ɗigo ne kore. Har akwai harafin da launinsa ya shiga sunansa, watau alu ja, wanda ake karantawa amma ba ya cikin asalin baƙaƙen.

Ba don ado aka yi haka ba. Mus'hafan farko ba su da wasali. Ana danganta fara sa ɗigo masu launi ga Abul Aswad Addu'ali na Basra, wanda ya rasu a 688, kāna Halilu ɗan Ahmad ya zo a ƙarni na 8 ya ba wasulla siffar da aka san su da ita yanzu. Abu Amr Addani, malamin Andalus da ya rasu a 1053, ya bayyana a littafinsa Almuhkam yadda mutanen Madina ke sa ja ga wasulla, rawaya ga hamza, mutanen ƙasarsu kuma suka bi su a kan haka. Daga can al'adar ta gangaro Magrib, ta ƙetare Sahara, ta iso Barno da ƙasar Hausa tare da ƙira'ar Warshu. Manufarta guda ce, a raba asalin rubutu da abin da aka ƙara don taimakon mai karatu, kada su cuɗanya.

Abin lura a nan shi ne kowane launi aiki ɗaya aka ba shi, kuma ba ya sake aiki daga Fatiha har Nasi. Da alaramma zai sa wasali da ja a wannan shafi, ya sa da kore a na gaba don ya ga ya fi kyau, da ya ɓad da almajiri. Abin lura na biyu, launin ba ya tafiya shi kaɗai. Wasalin sama yana sama, na ƙasa yana ƙasa, rufu'a tana da lanƙwasarta. Saboda haka ko tawada ta koɗe, ko fitila ta yi rauni, ko mai karatun yana cikin mutanen nan da aka haifa idonsu ba ya raba ja da kore, siffa da wurin zama sun isa su shiryar da shi.

GIRMA, FILI DA JERI

Ƙa'ida ta uku girma ce, ta huɗu fili, ta biyar jeri, kuma duk a shafi guda ake ganinsu. Ƙarshen aya ɗan ƙaramin tambari ne na ɗigo uku. Bayan aya biyar sai kumsa, bayan goma sai kuri, wanda ya fi su girma. A gefen shafi ga alamar sumuni, da ta rubu'i, da ta nusufi, sa'an nan ga ta izu, da'ira babba mai zane, wadda ke bayyana sau 60 a cikin littafin. Inda aka raba Alƙur'ani kashi huɗu, watau a farkonsa, da A'arafi, da Maryam, da Sad, a can ne ake shimfiɗa zayyana mai faɗi. Girman alama yana bin girman abin da take nunawa. Gardi mai neman izu ba ya karanta layi ko ɗaya, gefen takardu kawai yake bi da ido har ya ga da'irar.

Ba zai gan ta ba kuwa in da ba a bar mata fili ba. Farin gefen nan da alaramma ke bari, alhali takarda tana da tsada, shi ke sa alama ta fito. A ƙarni na 19 takardar da ake rubutu a kanta daga Italiya ake kawo ta, ta Tarabulus, bisa raƙuma, amma duk da haka marubuta ba su cika shafi baki da baki ba. Sun san wurin da ba a rubuta kome ba shi ma yana aiki.

Game da jeri, littafin ƙasar nan ba a ɗinke shi, warwara yake cikin tadarishi, a sa a gafaka. In iska ta watsa takardun fa? Marubuci ya riga ya yi maganin wannan. A gindin takarda yakan rubuta kalmar da za ta fara ta gaba, sai a bi kalma kalma a mayar da kowacce wurinta. Wannan tsari ne ya sa da maɗaba'u suka yawaita, mutane ba su saki hannun alarammominsu ba. Aka riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanaye, irin su Sharif Bala na unguwar Gabari a Kano, ana buga shi da yawa, domin idon almajiri ya saba da hanyar, ya san inda zai sami kowane abu.

KWALBAR FESHI

Yanzu sai a fito daga tsangaya a shiga gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara kasa magungunan ƙwari da na ciyawa bisa ƙarfin gubarsu a 1975, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta shimfiɗa yadda za a nuna wannan a jikin kwalba. A gindin takardar akan ja ziri mai launi daga gefe zuwa gefe. Ja shi ne mafi tsananin guba, kuma tare da shi akan zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Rawaya ke bi masa, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. A cikin zirin akwai ƙananan hotuna a jere: hannu cikin safa, fuska a rufe, ƙafa cikin takalmi mai tsawo, mutum yana wanke hannu, kwalba a kulle nesa da yaro.

Ga ƙa'idodin nan duka sun dawo. Launi yana da aiki ɗaya, siffa tana dafa masa, wurin zamansa ba ya sakewa, hotunan kuma a jere suke. Amma fa a tuna da darasin fa da ƙaf. Ja a Mus'hafi wasali ne, a kwalba kuwa mutuwa ce. Kore a tutar Nijeriya albarkar noma yake nufi, a kwalba kuwa ba ya nufin babu guba, yana nufin gubarsa ta fi ta sauran sauƙi. Manomin da ya ɗauka kore lafiya ne, ya zuba hannu tsirara yana dama magani, ya karanta launin da ƙa'idar wani wuri.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata a sani. Kamfani yana so ya sayar, saboda haka abin da ya fi girma a takardar shi ne sunan maganin, da hoton masara mai cika ko tumatir ja wur. Gargaɗi yana can ƙasa, ƙarami. Ido kuwa babban abu yake fara kamawa. Mai hankali sai ya juya karatun, ya fara daga gindin kwalba, ya ga zirin tukuna, kāna ya hau sama.

Mafi hatsari duka ita ce kwalbar da ba ta da takarda. Sau da yawa akan ɗura magani daga babbar jarka a cikin robar lemo ko ta ruwan sha a sayar kaɗan kaɗan, kamar yadda ake yi da fiya-fiya. Wanda ya yi haka ya cire gargaɗin, ya bar siffar robar tana magana ita kaɗai, abin da take gaya wa yaro mai ƙishirwa kuwa shi ne, sha. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba kayan da ta yi wa rajista lamba a jikin takardarsu, kuma tun 2010 ta fito da hanyar kankare wani wuri a kwalin waɗansu magungunan asibiti a aika da lambar ta waya don a tabbatar ba jabu ba ne. Duk wannan tsaro a jikin takarda yake. In an yar da ita an yar da shi.

TAKARDAR ƘURI'A

Masu siyasar ƙasar nan sun san ƙarfin alama tun kafin samun mulkin kai. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, wanda maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a cikinsa a Jihar Arewa, kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki. NPC tana da fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara, AG kuwa itacen kwakwar manja. A 1979 PRP ta zo da mabuɗi, NPN da gida da masara. A 1993 doki ne na SDP, gaggafa ta NRC. Duk wanda ya duba zai ga an zaɓi abubuwan da talaka ya sani, masu siffa bayyananniya, waɗanda ba a ɗaukar ɗaya a maimakon ɗaya.

Yanzu takarda guda ce, alamomi a jere, mutum ya dangwala yatsa kusa da wadda yake so. Babu sunan ɗan takara a kanta, sai alama da gajeren sunan jam'iyya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 'yan takara 73 ne suka tsaya. Takardar ta yi tsawo, alamomi suka ƙanƙance suka matsu, sunaye masu kama da juna suka jeru. Ƙuri'un da aka ƙi karɓa a wannan zaɓe sun kai 1,289,607. A 2020 hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74, aka shiga zaɓen 2023 da 18, waɗanda aka ƙi karɓa kuma suka zama 939,278. Dalilan lalacewar ƙuri'a suna da yawa, amma ƙarancin fili yana cikinsu: yatsa ya hau layi tsakanin gida biyu, ko a naɗe takarda tawada ba ta bushe ba ta shafi wani gidan.

Mutanen jihar Kano sun ga nauyin ɗan tambari da idonsu. A Satumba 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamna ta zare ƙuri'u 165,663 bisa hujjar babu hatimi da sa hannu a jikin takardun, har sai da Kotun Ƙoli ta mayar da su ranar 12 ga Janairu 2024. Saboda haka mai zaɓe ya san siffar alamarsa tun daga gida, tsintsiya ce ko lema ko wata, ya juya bayan takardar ya ga hatimi, ya dangwala a tsakiyar gida, ya bari ta sha iska kafin ya naɗe.

TAKARDAR KUƊI

Naira ta maye gurbin fam a 1973, mutane kuma da fuska da launi suke gane ta. Shi ya sa ake ce wa naira 20 'yar Murtala. Sardauna Ahmadu Bello yana kan 200, Azikiwe yana kan 500, Aliyu Mai Borno da Clement Isong suna kan 1000. Ga wanda ya yi karatun allo akwai taimako na uku, watau ajamin da ke faɗin adadin kuɗin da Hausa. A 2007 aka cire shi daga 5, 10, 20 da 50, aka sa Hausa da Yarbanci da Ibo cikin boko. Naira 100 da aka buga a 2014 ita ma ba ta da shi. Ya saura a kan 200, 500 da 1000.

A ƙarshen 2022 Babban Banki ya sake launin manyan takardun nan uku: 200 ta koma ja-ja, 500 kore, 1000 shuɗiya. Bayan wahalar kuɗi da aka sha a farkon 2023, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamba ta wannan shekara tsofaffi da sababbi su ci gaba da tafiya tare. Ke nan kuɗi ɗaya launi biyu, abin da alaramma ba zai yarda da shi a shafinsa ba. Wanda ya sayar da buhun masara da almuru, ya dogara ga launi kaɗai, yana iya kwana da hasara.

Mai buga jabu launi yake kwaikwaya, domin shi ya fi sauƙi. Amma kama da wane ba ta wane. Takardar gaske tana da rubutu mai tudu wanda yatsa ke ji, da zare a cikin jikinta, da alama ɓoyayya wadda ba ta fita sai an ɗaga ta ga haske. Wannan ma ba baƙon abu ba ne ga malamai, gama takardun Italiya da kakanninsu suka yi rubutu a kai suna da jinjirin wata uku a ɓoye cikin jikinsu, wanda ake gani in an ɗaga ga rana.

GA MASU TSARAWA

Da, sai a birni ake samun mai tsara takarda. Yanzu samari a Ƙaraye da Rogo da ƙauyukansu suna shirya fastar biki, da ta saukar karatu, da allon shago, a cikin wayar hannu. Wannan ci gaba ne, sai dai sau da yawa akan ga launi bakwai a takarda guda, da rubutu iri biyar, da jajayen baƙaƙe a kan shuɗi suna yi wa ido rawa, hotuna sun cika ko'ina, ranar taron da wurinsa kuwa sun ɓace a wani lungu. In kome ya yi girma, ido ba ya sanin inda zai fara.

Labarin tutar Nijeriya ya isa misali. Michael Taiwo Akinkunmi, yana ɗalibi a London, shi ya ci gasar zana ta a 1959. A zanensa akwai jar rana a tsakiyar farin. Masu hukunci suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960. Ragewar nan ce ta sa kowane yaro yana iya zana ta, kowane tela yana iya ɗinka ta.

Misali na biyu daga Ibadan yake. Otto Neurath ya ƙago hanyar bayyana lissafi da ƙananan hotuna a Biyana cikin shekarun 1920. Bayan rasuwarsa matarsa Marie Neurath ta zo Jihar Yamma cikin shekarun 1950, ta shirya wa gwamnatin Awolowo ƙananan littattafai a kan makaranta da lafiya da zaɓe. Ba ta kwaso hotunan Turai ta zube ba, sai ta sake zana mutanen cikin suturar ƙasar, don mai kallo ya ga kansa a ciki. Hoto ma harshe ne, wanda bai saba da shi ba yana iya yi masa wata fassara. Saboda haka mai tsara fasta ya gwada ta kafin ya buga da yawa. Ya rataye ta, ya ja wani dattijo baya kamar taki goma, ya tambaye shi, “Baba, me ka fara gani?” In amsar ba ita ce muhimmin saƙon ba, aiki bai ƙare ba.

Akwai kuma hanzarin da ya faɗi. Da ana cewa injin ba ya iya rubutun ƙasar nan. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da baƙaƙen kwamfuta masu suna Alkalami, waɗanda aka zana bisa rubutun Kano, kuma kyauta ake samunsu. Babu abin da zai hana kamfanin da ke sayar wa manoman Arewa guba ya buga gargaɗinsa da Hausa, boko da ajami, da baƙaƙe manya, kusa da zirin launi.

Kafin kamfanoni su yi nasu, akwai abin da ke hannun mutanen gari. Mai shago ya daina ɗura magani a robar da ba tasa ba. Malamin gona, duk inda ya tara manoma, ya ɗaga kwalba ya nuna musu gindinta. Alaramma kuwa, wanda ya koya wa yara bambancin jar tawada da ruwan ɗorawa da kore, ba zai ɗauke shi rabin sa'a ba ya koya musu launuka huɗu na kwalba, tun da yawancinsu gona za su tafi da safe, waɗansunsu ma su ne za su goya injin feshi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye manoma da iyalansu, ya ba da damina mai albarka, amin.